Allah Ya Saka wa Gara da Alheri

Ana yawan zarginmu da rashin riƙon tarihi, wai mun bar mazajen da suka yi wa talaka yaƙi da alƙalami sun bi ruwa. Masu wannan magana ba su yi mana adalci ba. Ni dai a iya sanina babu al'ummar da ta kama ƙafarmu wajen adana marubuci mai taurin kai. Mun ƙware har ko tarinsa ba a ji. A ba mu mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana hana masu mulki barci, a dawo bayan shekara 40. Za a tarar da sunansa a goshin asibiti da filin jirgin sama, hotonsa a falon jikokin waɗanda ya hana barcin, takardunsa kuwa suna hannun ma'aikaciyarmu mai amana, wato gara, wadda ba ta taɓa neman albashi ba balle ta tafi yajin aiki.

Kada a ce son kai ne ya sa nake koɗa mu. A leƙa Rasha a ga yadda manyan ƙasashe suke ɓata aiki da garaje.

A 1933 wani mawaƙi, Osip Mandelstam, ya tsara 'yar waƙa mai layi 16 yana yi wa Stalin zambo. Bai buga ta ba, abokai kawai ya karanta wa a ɗaka. Hukuma mai wayo ai kunnen uwar shegu za ta yi. Ina! Aka kama shi a 1934, aka kore shi daga Mosko, aka sake kama shi a 1938, ya mutu a sansanin fursunoni kusa da Vladivostok a Disambar wannan shekara. Me aka samu? Matarsa Nadezhda ta haddace waƙoƙinsa, ta cusa takardunsa a tukwane da takalma da matasan kai, tana hijira daga wannan gari zuwa wancan tana tilawarsu a zuci, har Allah Ya nuna mata ranar da aka buga su. Vasily Grossman kuwa shi ba a taɓa jikinsa ba, littafinsa aka kama. A 1961 'yan KGB suka bi rubutun duk inda yake suka kwashe, har da takardun kabon da ƙyallen tawadar tafireta. Ashe ya ba abokai ajiyar kwafi. Ya rasu a 1964, littafin ya ɓulla a Siwizalan a 1980.

Babbansu shi ne Aleksandr Solzhenitsyn. Hafsan soja ne a yaƙin duniya na biyu. Aka kama shi a 1945 saboda wasiƙun da yake aika wa abokinsa yana taɓa Stalin, aka yanke masa shekara 8 a sansanin gwale-gwale. A can ba a barin fursuna ya ajiye rubutu, sai ya riƙa tsara baitoci yana haddacewa, yana ƙirga su da tsinken ashana, daga baya da carbin da wasu fursunoni suka murza masa da burodi. Ya sami kyautar Nobel a 1970. A 1973 KGB suka tsare Elizaveta Voronyanskaya, dattijuwar da take buga masa rubutu a tafireta, suka matsa mata har ta faɗi inda aka ɓoye kwafin babban littafinsa a kan sansanonin Gulag. Kwanaki kaɗan bayan sun sake ta aka tsinci gawarta a rataye. Da jin haka ya ba da umarni a buga littafin a Faris, ya kuwa fito a Disambar 1973. A Fabrairun 1974 suka ɗora shi a jirgi zuwa Jamus ta Yamma, suka ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa. A cikin gida kuwa jama'a suka dinga kwafar haramtattun littattafai a tafireta. Sai a ba mutum aro na dare ɗaya, ya kwana yana karatu, da asuba ya miƙa wa na gaba, alhali kowa ya san in aka kama shi da su sai wani ikon Allah.

Dubi asara. Albashin 'yan leƙen asiri, man mota, ginin kurkuku, kuɗin jirgi, duk don a mai da Solzhenitsyn, malamin lissafi, marubucin da duniya ta sani. Da sun aiko mun koya musu, da araha za su gama da shi. A naɗa masa rawani, a sa wa tashar jirgin ƙasa sunansa, a bar ɗakin da takardunsa suke yana yoyo.

Mu ma dai ba da wannan hikima aka haife mu ba. Mun yi tamu ƙuruciyar. Tun daga 8 ga Agusta 1950, ranar da mutum takwas suka kafa NEPU a Sabon Garin Kano, cikinsu da Mudi Sipikin da Abba Maikwaru da Magaji Dambatta da Bello Ijumu, hukumar En'e ta ɗauki hanyar Rashawa. Dattawan Getso da Garo da Kutama da suka ga zamanin sun san abin da riƙe katin NEPU yake jawo wa talaka a karkara: 'yan doka, kotun alƙali, laifin taro ba izini ko zagin manya, bulala, wata uku ko wata shida a gidan yari, ga ƙarin haraji in ka fito. A birni kuma ga 'yan Mahaukata da gora. An ɗaure Hajiya Gambo Sawaba har sau 16. Duk wannan bai hana komai ba, sai ma ya ba mawaƙa abin faɗa. Gambo Hawaja yana Jos yana tsarawa, Mudi yana Kano, waƙa tana tafiya a baki daga kasuwa zuwa kasuwa, ba dogarin da ya iya ɗaure ta. Shekara 29 bayan kafa NEPU, magajiyarta PRP ta ci Kano, gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. Ka ji ribar bulala.

Ko a 1981 ba mu gama koyo ba. Ranar 10 ga Yuli aka kashe Dakta Bala Muhammad, malamin kimiyyar siyasa kuma mai ba Rimi shawara, aka cinna wa gidansa wuta. A shekarar da ta biyo baya sai ga abokansa, da Dakta Yusufu Bala Usman a gaba, sun tattaro takardun danniyar siyasa sun buga littafi don tunawa da shi. A 2007 ma an tara littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano an ƙona a gaban manya, marubutan suka ci gaba da rubutu, yau ga su cike da wayoyin 'ya'yanmu. Tsohuwar hanyar ba ta mutu ba har yanzu. Ranar 2 ga Agusta 2019 wasu mutane suka ɗauke Abubakar Idris Dadiyata daga gidansa a Barnawa, Kaduna, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A nan babu abin dariya, akwai mata da 'ya'ya da suke jira. Amma ko su waɗanda suka yi wannan aiki sun ga abin da ya biyo baya: duk shekara sai an tambayi inda yake.

Ita kuwa sabuwar hanya, wadda nake so a yi mana jinjina a kanta, ba ta barin tabo. Ga misali. Malam Aminu Kano marubuci ne. Na san wani zai ɗaga kai ya ce wane Malam ɗin, kuma wannan tambaya ita ce takardar shaidar ƙwarewarmu. Tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna a ƙarshen shekarun 1930 yake rubuta wasannin kwaikwayo yana tona asirin zalunci da cuta, waɗanda ba su taɓa zama littafi a kasuwa ba. Yana saurayi ya rubuta ƙasida da Turanci a kan kama-karyar En'e ta Kano. Ya rubuta littafin tafiye-tafiye, Motsi Ya Fi Zama. Ya rubuta tarihin malaminsa Sa'adu Zungur, aka buga a 1973. Ya rubuta Hikayoyin Kaifafa Zukata. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja.

Babu gwamnatin da ta haramta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Allah Ya kiyaye, mu ba Rashawa ba ne. Je ka kasuwar Gwarzo ko ta Getso, ka tsaya wurin masu sayar da littattafai, ka tambaya. Ba wanda zai bi ka da ido, ba wanda zai rubuta sunanka. Mai shago zai yi murmushi ya ce bai taɓa ji ba, ya nuna maka littafin fassarar mafarki. Ka fita lafiya, ka koma gida lafiya, ba ka karanta komai ba. Wace ƙasa ce ta ba ɗan Adam 'yanci irin wannan?

A madadin littattafan mun ba shi abin da ya fi ɗorewa, siminti da kwalta. Mutumin Kabo ya ɗauko mara lafiya, ya bi ta Rimin Gado da Janguza ya faɗa Kabuga, in aka tambaye shi ina za shi, sai ya ce Asibitin Malam. Ka ga ke nan talaka yana ambaton Malam a ranar da ya fi kowace rana sanin cewa shi talaka ne. Wanda ya fi ƙarfin asibitin gida kuwa, ta filin jirgin saman Malam Aminu Kano zai tashi zuwa Masar ko Indiya, shi ma bai tsira daga ambaton ba. A Abuja akwai titi mai sunansa a Wuse II, bankuna da otal-otal da wuraren shaƙatawa reras a kansa. Mutumin da ya mutu bai tara komai ba, ga shi mun sa shi gadin dukiyar wasu dare da rana. Gadon ma an raba shi cikin adalci. Wasu sun ɗauki jar hula, wasu farin yadi, wasu hoton, wasu kalmar talakawa da ake fito da ita duk shekara huɗu a karkaɗe. Kowace jam'iyya a Kano tana da almajiran Malam, har da jikokin waɗanda suka sa aka yi wa almajiransa na gaske bulala. Abin da ya rubuta ne kawai ba a sami mai so ba, kuma ba a yi rigima a kansa ba.

Sa'adu Zungur ya ɗan fi ba mu wahala, don waƙoƙinsa sun riga sun shiga makaranta. Mutum ne da ya yi karatu a Kwalejin Yaba, ya kafa ƙungiyoyin tattaunawa a Zariya da Bauchi tun Turawa suna ganiyarsu, ya zama sakataren NCNC na ƙasa, ciwo ya cinye shi ya rasu a 1958 bai ga 'yancin kai ba. Amma shi ma mun samo maganinsa. Mun mai da Arewa Jumhuriya ko Mulukiya tambayar jarrabawa. Ɗalibi zai faɗa maka karinta da amsa-amonta da yawan baitocinta, ya kawo salon sarrafa harshe guda biyar, ya ci maki, ya fita. Ba a tambayarsa ko gargaɗin da aka yi wa sarakuna da malamai da 'yan boko a ciki ya shafi wani mai rai. Sannan aka sa wa jami'ar jihar Bauchi da ke Gadau sunansa, aka rufe babin.

Mudi Sipikin kuwa ko wannan ɗawainiya bai sa mu ba. Shi ne ya mayar wa Sa'adu martani da Arewa Jumhuriya Kawai. An buga kundin waƙoƙinsa a Zariya a 1971. Ya jagoranci ƙungiyar mawaƙa ta Hikima a Kano, wadda Bature Graham Furniss ya zo ya zauna da ita ya rubuta digirinsa na uku a kanta a Landan a 1977. Har waƙa Mudi ya yi yana yabon Rasha a matsayin abokiyar Afirka, kuma a nan ina ganin da ya san abin da ake yi wa abokan sana'arsa a can da ya rage zuma. Ya rayu a cikinmu har 2013. Fiye da shekara 60 bayan kafa NEPU ɗaya daga cikin mutum takwas ɗin nan yana zaune a Kano, ana iya sallama a shiga a gaishe shi a kunna rikoda. Muka nuna tarbiyya, ba mu dame shi da yawan tambaya ba.

Manyan ke nan, waɗanda aka buga. Ƙananan, mawaƙan ƙauye da sakatarorin reshe, a nan ne aikinmu ya fi tsafta, kuma na gani da idona. Wani kawuna ya rasu a wani ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo, tsohon ɗan NEPU ne da ya sha ɗauri. Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zaure. Aka yi wa gona kuɗi, aka yi wa shanun huɗa, da keke, da rediyo. Sai aka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado aka fasa kwaɗon. Gara ta riga kowa, ta ɗebi tumuninta daga ƙasa ta bar ƙasa a madadi. Abin da ya rage a sama: katin NEPU mai tauraro, katin PRP mai mabuɗi, rasiɗan haraji an ɗaure su da zare, yankakkun shafukan jaridar Comet sun yi ja, takardar sallama daga gidan yari, da littafin rubutu na 'yan makaranta guda biyu cike da ajami, waƙoƙin da yake rerawa a wurin lacca da sunayen waɗanda aka kama tare da shi. Malamin da yake rabon ya juya su ya ce wannan ba dukiya ba ce. Akwatin dai aka yi masa kuɗi, ya faɗa rabon wata 'yarsa.

Na ce wa babban ɗansa, "Yaya, waƙoƙin nan na Kawu fa?"

Ya dube ni ya ce, "Kai dai da neman magana. Mutum ya kwanta dama, sai mu riƙa tono rigimar da ya yi da manya? Jikan dagacin nan ne fa ya samar wa ƙaninka aiki."

Na ga hikimar zancen. Aka raba takardun gida biyu, kowanne aka ba shi darajarsa. Na boko aka ba yara suka kai wa mai ƙosai. Na ajami kuwa, tunda ba a san ko akwai sunan Allah a ciki ba, ba a yarda su taɓa mai ko su faɗi ƙasa ba. Aka kai su bayan gida aka ƙona cikin ladabi, aka binne tokar. KGB da duk kasafin kuɗinta ba ta taɓa samun iyalan marubuci sun yi mata wannan aiki da kansu ba, kyauta, da alwala.

Akwai masu kare mu da cewa ai mu mutanen baka ne, ba mu saba da ajiyar takarda ba. Ina roƙonsu su daina, suna rage mana daraja. Mu da alarammomi suke rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, ba kuskuren wasali? Mu da makafi suka riƙe Imfiraji ta Aliyu Namangi a ka suna rerawa kasuwa-kasuwa? Nasihar da Shehu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ta haura shekara 500, malaman zaure suna kwafa da tawada da alƙalamin kara har ta iso mu. Ɗan garin Gwarzo ne ma, marigayi Dakta Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Kano, ya bi sawun rubuce-rubucen Maghili ya yi digirinsa na uku a kansu a Landan a 1972, ya kuma fito da tsofaffin wasiƙu daga ma'ajiyar takardu ta Tarabulus. Abin da Nadezhda ta yi don mijinta, almajiri ɗan shekara 15 a tsangayar Lakwaya ya fi ƙarfinsa. Saboda haka ba kasawa ba ce. Mun iya ajiya sarai, zaɓe muke yi. Mun gane cewa nasiha ga sarkin da ya rasu a 1499 ba ta hana kowa kwangila, amma waƙar da ta ambaci kakan shugaban ƙaramar hukuma tana iya hanawa.

Yankin namu kuma ba na marasa galihu ba ne, balle a ce talauci ne. Gwarzo da Kabo sun ba Kano mataimakan gwamna biyu, sun ba ƙasa sanatoci da minista da mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, har kamfanin jirgin sama mai sunan Kabo ya yi shekaru yana jigilar alhazai. Kuɗin man ayarin motoci na zuwa ɗaurin aure guda ya isa a sake buga littattafan Malam a raba wa makarantun sakandaren ƙananan hukumomin biyu. Da ba a yi ba, sai a yaba wa manyanmu da sanin ya kamata.

Ba kuma a ce mun manta da su ba. Duk shekara akwai taron tunawa. Jiniya tana tashi, manya suna sauka, a jera su a babban tebur da ruwan roba. Mai gabatarwa zai ci rabin lokaci yana jero muƙamai. Babban baƙo zai aiko wakili, wakili zai karanta cewa marigayin mutum ne mai gaskiya da riƙon amana wanda bai tara abin duniya ba, jama'a su tafa, shi ma mai karatun ya tafa da hannun da agogonsa ya fi gidan marigayin tsada. Ba a karanta shafi ɗaya daga abin da ya rubuta, don kada a ɓata wa baƙi rai. Talakan da aka yi taron da sunansa yana bakin ƙofa yana jiran a fito a yi masa alheri. Gwamnatin tarayya ma ta ba da tata gudummawa, ta cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, ya yi shekara goma da wani abu a waje kafin a dawo da shi. Yaran da suka yi makaranta a wannan tsakani su ne masu jefa ƙuri'a yau.

Abin alfahari shi ne, a ƙarshe Rashawa sun gane gaskiya sun biyo mu. Solzhenitsyn ya koma gida a 1994. A 2007 Putin ya je har gidansa ya karrama shi da lambar yabo ta ƙasa. Da ya rasu a 2008 aka cire sunan Kwaminisanci daga wani babban titi a Mosko aka sa nasa. A Disambar 2018 Putin da kansa ya buɗe mutum-mutuminsa. A Disambar 2021 kuma kotun ƙoli ta rufe ƙungiyar Memorial, wadda ta shafe shekara 30 tana tattara sunaye da takardun waɗanda aka kashe ko aka ɗaure a zamanin Stalin. A ɗaga marubuci sama, a kulle ɗakin takardu. Sun fara iyawa. Saura su daina sa littafinsa a manhajar sakandare, abin da suke yi tun 2009, don wannan ganganci ne, wani yaro zai iya karantawa.

Mu kuwa mun ga amfanin shukarmu a Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. Yaran Kano suka fito da yunwa a cikinsu suna neman tutar da za su ɗaga, ba su sami ta gida ba, suka ɗaga ta Rasha. Aka kama su, aka kama har telolin da suka ɗinka. A Nuwamba aka gurfanar da wasunsu a kotu a Abuja, ƙananan yara suna faɗuwa a gaban alƙali don galabaita, kafin a ba da umarnin sakinsu. A garin da aka kafa NEPU, jikokin 'yan Sawaba ba su san kakanninsu sun taɓa yin tuta da waƙa da hujja a rubuce ba. Ba su kuma san abin da ake yi wa mai zanga-zanga a ƙasar da suka ɗaga tutarta ba. Wanda ya ce wannan ba nasara ba ce, ya faɗa mini wace hukumar tace littattafai ce ta taɓa kaiwa nan.

Sai dai akwai masu yi mana zagon ƙasa, kuma ya kamata a san su. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya tattara waƙoƙin Sa'adu da rayuwarsa ya buga a 1974. Haruna Abdullahi Birniwa ya bi waƙoƙin NEPU da NPC da PRP da NPN ya rubuta digiri na uku a kansu a Sakkwato a 1987. Alkasum Abba ya rubuta tarihin NEPU. Tanko Yakasai, wanda ya yi editan Hausa a Comet, ya zauna ya rubuta tarihin rayuwarsa. Jami'ar Bayero ta mai da gidan Malam cibiyar bincike, Gidan Mambayya, da ɗakin karatu a ciki. Akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna, inda fayilolin En'e suke kwance da sunayen mutane a ciki. Har a Amurka, a Jami'ar Northwestern, akwai takardu fiye da 3,000 na wani malami ɗan kasuwar Kano, Umar Falke, an jera su a ɗaki mai sanyi inda ma'aikaciyarmu ba ta da biza. Sauƙin abin dai, yawancin wannan aiki da Turanci yake, yana kan kanta a jami'a, nesa da mai shayi na tashar Gwarzo. Muddin ba wanda ya yi karambanin mai da shi Hausa ya karanta a rediyo, ba abin tsoro.

Don haka ina kira ga duk wanda yake da irin akwatin nan a ɗakin tsohonsa, a Gude ne ko Durun ko Madadi ko Mainika, ya taimaka ya bar shi a ƙasa, kusa da bango, ɓangaren da yake jiƙa da damina. Kada ya buɗe. In ya buɗe, kada ya ɗauki hoton shafukan da wayar da take aljihunsa, don abin ba ya cin minti goma kuma ba ya gogewa da sauƙi. Kada ya kai wa malamin Hausa na sakandaren garinsu, kada ya hau mota ya kai Gidan Mambayya. In kuma tsohon yana da rai, yana zaune a zaure yana ƙoƙarin ba da labarin ranar da aka ɗaure su, a ce masa, "Baba, a huta haka nan," a ƙara masa ƙarar rediyo. Waɗanda suka shiga NEPU suna samari yau sun haura shekara 85. Haƙuri kaɗan ya rage mana.